Ƙunshin Saƙon da Mubaraka Ta Mayar

Duk saurayin da zai bar ƙauyen nan na ƙasar Tajaye ya tafi cin rani, sai ya biya ta gidan Mubaraka mai ƙuli. Ba kyan fuskarta ake bi ba, don ita da bakinta ta ce hayaƙin murhu ya kashe wannan magana tun tana budurwa. Ƙulinta ake bi. Takan soya shi ya bushe ƙarau, har ana yi mata tsiya cewa wani ya kai nasa Abijan ya dawo da saura gab da damina, haƙori ɗaya kawai ya rasa. In aka faɗa mata haka sai ta ce mai haƙorin ya zo ya sayi wani, ko na ƙasan ma ya huta.

Bakin nan nata ba gadonsa ta yi ba, wahala ce ta wasa shi. Tana yarinya uwarsu ta rasu ta bar mata ƙane da aka yaye bai daɗe ba, Mudassir. Ita ta goya shi zuwa rijiya, ita ta goya shi zuwa daji ɗebo itace, har yau in ta tsaya kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ubansu ya bi uwar bayan ƴan shekaru. Da aka yi mata aure a cikin garin, yaron ya bi ta da kwanonsa, ba wanda ya iya raba su. Mijin nata yana Libiya shekara da shekaru, muryarsa kawai ke zuwa ta waya in ya tuna. Saboda haka in ana maganar namiji a rayuwar Mubaraka, Mudassir ne.

Shi kuwa ya tashi mai surutu da dariya. A fadarsu ta samari, inda ake kwana uku ana dafa shayi ɗaya, shi ne mai tsokanar kowa. Ya je Legas cin rani sau biyu, ya dawo ya sayi jaki da amalanke, ya auri Zahara'u wadda ya zaɓa da kansa. Ya so ta so na fili, irin wanda mutanen ƙauye ke jin kunyar gani. Da ta yi ciki ya hana ta zuwa rijiya, shi yake jido mata ruwa a amalanke. Abokansa suka sa masa mijin-ta-ce, ya ce ya karɓa, su ma Allah ya ba su wadda za ta ce.

Naƙuda ta zo mata a tsakiyar marka, da rana, bayan wani ruwa da aka yi kamar da bakin ƙwarya. Ungozoma ta yi iya yinta ta ce abin ya fi ƙarfinta, a kai ta likita, wato asibiti. Mota ba ta shigowa ƙauyen in ƙasa ta jiƙe haka. Mudassir ya ɗaura jaki, Mubaraka ta hau ta ɗora kan Zahara'u a cinyarta. Da suka iso ƙoramar da ke tsakaninsu da likita suka tarar ta cika ta batse, tana tafe da itatuwa. Ya shiga ya gwada, ruwan ya kai masa ƙirji ya nemi ya tafi da shi. Suka zauna a bakin gaɓa suna jira ya janye. Kafin ya janye Zahara'u ta cika, da abin da ke cikinta. Shi da hannunsa ya juya kan jakin zuwa gida.

Mu dai mun iya raba baƙin ciki rabon da ba adalci. In mace ta rasa miji, sai a ba ta wata huɗu da ƴan kwanaki ta zauna a ɗaki, a kawo mata abinci, a taya ta kuka, wanda ya gan ta ya sassauta murya. In namiji ya rasa mata, kwana uku yake da su. Rana ta huɗu a miƙa masa hauya, a ce haƙuri, ai namiji ne.

Mudassir ya karɓi hauyar, ya je gona, ya tsaya a tsakiyar hatsi har rana ta take bai yi kunya ɗaya ba. Washegari bai je ba. Daga nan ya shige ɗaki. Ya daina zuwa fada, ya daina aski, furar da Mubaraka ke kai masa takan tarar da ita ta tsinke ƙudaje na bi. In an yi masa magana sai ya kalli mutum kamar daga nesa ake kiransa. Ya fitar da komai daga ransa, har jakin ma bai ƙara duban inda yake ba.

Kowa ya kawo nasa maganin. Tsofaffin mata suka ce iskar bakin ƙorama ce ta shafe shi, aka yi turare har ɗakin ya koma kamar murhu. Aka karɓo rubutu daga wani malami a Dogarawa, ya sha bai musa ba. Baba Lawali, ƙanen ubansu, wanda shi ne babban gidan yanzu, bai yarda da zancen iska ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce:

"Kai ɗai anka yi ma mutuwa cikin garin ga? Ni mata biyu nib bisne, ban taɓa barin gona ta ci haki ba. Wanga lalaci na. Tashi ka yi aiki, in an yi kaka mu biɗo maka wata."

Mubaraka ba ta ce lalaci ne ba, don ta san wanda ta goya. Tsoro ne ya cika ta, kuma ita in ta ji tsoro faɗa take yi. Wata rana da hantsi ta kai masa fura, ta same shi zaune ya jingina da bango. Ya ce:

"Yaya, na gaji."

"Wane aiki kay yi da za ka gaji?"

"Ba gajiyar jiki ba. Da ni anka ɗauka anka bar ta, da ya hi. In na kwanta, roƙona ɗai kar in tashi."

Ta ji kamar in ta bar maganar ta ƙara tsawo za ta zama gaskiya, sai ta yi maza ta danne ta.

"Kul. Kar in koma jin wagga magana ga bakinka. Saɓo na. Yi istigfari ka sha hurarka."

Ya dube ta, ya ce, "To, Yaya." Bai ƙara faɗa ba kuwa, ko sau ɗaya. Ita ta tafi gida tana jin ta yi maganin abin, tunda yaro ne mai jin magana.

Kaka ta yi. Ƴan fadarsu suka yi gayya suka yanke masa ɗan abin da gonar ta bayar. Samari suka fara shirin tafiya, don a nan in an rufe rumbu ba abin da ya rage wa namiji sai hanya. Ana cikin haka, wata safiya Mudassir ya fito. Ya yi wanka, ya je aka yi masa aski, ya sa riga wankakkiya. Ya gaida mutanen da ke ƙofar masallaci da fara'a, har ya tsokani wani. Kafin azahar labari ya gama gari cewa ya warke. Malamin Dogarawa ya sami yabo, masu turare suka ce nasu ne ya ci, Baba Lawali ya ce faɗansa ne.

Sai ya fara zagayen sallama. Al'ada ce a nan, mai shirin cin rani yakan bi gida-gida ya durƙusa ya nemi gafara, don ba wanda ya san mai dawowa. Yakan bar dabbarsa a hannun wani, a sa masa albarka, mata su ba shi ɗan saƙo ya kai wa nasu da ke can. Kuma ba a tsare matafiyi da tambayar inda za shi, saboda baki. Mutum yakan ɓoye hanyarsa har sai ya isa, kowa ya san haka, ba mai jin haushi.

Haka Mudassir ya bi garin. "Na zaka sallama. Abin da niy yi muku, wanda nis sani da wanda ban sani ba, ku yahe mini." A ce, "Mun yahe, Allah shi yahe muna baki ɗai, shi kai ka lahiya." Sai uwar gida ta ja shi gefe ta rage murya, ta ce ko wajen su wane za shi. Ya ce to. Ta shiga ɗaki ta ƙullo yaji, ko daddawa, ko busasshiyar kuɓewa a tsumman zane, ta ce ya kai wa ɗanta. Ya karɓa da hannu biyu. Jaki da amalanke ya kai wa Baba Lawali, ya ce ya ba shi. Tsohon ya ce ai riƙo ake cewa, ya ce a'a, kyauta ce. Wayarsa ma ya ba wani abokinsa, ya ce zai sami wata a gaba.

Mubaraka ba ta taɓa yin farin ciki irin na makon nan ba. Abu ɗaya ta tambaye shi, yaushe. Ya ce jibi da safe, motar Ƙonni. Ta ɗauka Legas zai koma inda ya sani. Ta yini tana suya, ta zaɓar masa gyaɗa mafi kyau, ta daka masa yaji dabam. Ya zo ya zauna kusa da murhunta yana ɗaukar ƙuli da zafinsa tana buge masa hannu, kamar yana yaro. Da zai tashi ya durƙusa ya ce ta yafe masa wahalar goyo da duk abin da ya biyo baya. Ta ce ya tashi ya ba ta wuri, goyon da ta yi sai ya biya shi da atamfa.

Da safe ta ɗauki guzurin ta nufi ɗakinsa don ta taya shi ɗaurin kaya. Ƙofa a buɗe, ba ya ciki. An share ɗakin tas. Ƙunshin saƙon mutane na jere a jikin bango, an shirya su da kyau. Ta tsuguna tana dubawa don ta ga yadda za su shiga buhu ɗaya. Ba zanen da ba ta sani ba a garin nan, ko ya zama tsumma. Wannan na Mariyama ne, mijinta na Legas. Wannan na tsohuwar bakin rijiya ne, ɗanta na Abijan. Wannan mai ɗigo-ɗigo na matar ladan ne, nata ɗan kuwa yana Aljeriya. Ta sake bin su da ido. Ɗaya kudu, ɗaya yamma mai nisa, ɗaya arewa bayan hamada, kuma duka ya ce to. Ta ɗaga kai ta ga jakarsa ta tafiya rataye a ƙusa, ba komai a ciki, takalmansa na fita suna ƙarƙashinta.

Ba ta san lokacin da ta fito ba. Mutanen da suka gan ta sun ce ba kallabi a kanta, tana gudu tana kiran sunansa kamar mai neman ɗan yaye. Maza suka bazu. Baba Lawali ne da wasu mutum biyu suka same shi a bukkar gonarsu da ke nesa da gari. Ya riga ya kashe kansa.

Maigari ya kira jandarma, suka zo da majo, wato babban ma'aikacin likitar da ba su kai gare ta ba ran nan. Da suka gama abin da ya kawo su, majon ya ga Mubaraka zaune a kan kunya ita kaɗai, ya zo ya tsuguna. Ya tambaye ta yadda mamacin ya yi ƴan watannin nan, ta faɗa masa, har da warkewar.

Ya ce, "Baiwar Allah, wanga ciwo na, kamar hawan jini, kamar sukari. Damuwa ce ka yin tsanani ta danne mutum har shi ga mutuwa ta hi mishi. Ana maganinta, Ƙonni akwai masu duba ta. Kuma wanda yad daɗe kwance, in kunka ga ya tashi rana guda yana rabon kayanshi yana biɗar gahwara, ku ƙara sa ido. In mutum ya ce ya gaji da rai, a bar shi shi hwaɗi, a tambaye shi kai tsaye, kar a bar shi shi ɗai. Tambaya ba ta sa ma mutum abin da babu ga ranshi."

Mubaraka ta tuna hantsin nan da ta kai wa ƙanenta fura. Yaron ya kawo mata maganar har cikin hannu, ita ta mayar masa.

Kafin a iso da gawa gida Baba Lawali ya riga ya yanke abin da za a faɗa. Maciji ne ya sare shi a cikin kara. Ya ce akwai ƴan mata a gidan da ba a aurar ba, akwai sunan uba da kaka, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Liman ya san gaskiya, ya ce musulmi ne, a yi masa salla, aka yi. Masu gaisuwa suka yi ta tsine wa maciji, wasu da gaske, wasu suna kallon ƙasa.

Bayan addu'ar bakwai ƙunshin saƙon nan suna nan a jikin bango. Kayan mutane ne, dole a mayar. Baba Lawali ya ce a ba yara su rarraba. Mubaraka ta ce ita za ta kai. Ta zuba su a kwando ta ɗora a ka, ta bi hanyar da ƙanenta ya bi.

Ta fito da niyyar riƙe maganar maciji. Gidan farko na tsohuwar bakin rijiya ne. Tsohuwar ta karɓi ƙunshinta tana share hawaye, ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yaron ya riga ya warke sarai, ga fara'a, ga ladabi, sannan abin ƙasa ya zo ya ɗauke shi. Nan Mubaraka ta kasa. Ta ajiye kwandon.

"Inna, bai warke ba. Ba maciji ba ne kuma. Shi yak kashe kanshi. Sallamar da yay yi muku, ta mutuwa ta, munka sa mishi albarka munka ba shi yaji."

Ta faɗa mata duka, da abin da ya ce ran nan, da abin da ta amsa masa, da abin da majo ya ce game da Ƙonni. Tsohuwar ta yi ta salati. Mubaraka ta ɗauki kwandonta ta shiga gida na gaba, ta sake faɗa.

Ba a gode mata ba, kada wani ya zaci haka. Wata ta ƙi karɓar ƙunshinta ta ce a zubar. Wata ta kore yaranta daga tsakar gida kada su ji. Kafin la'asar Baba Lawali ya aiko cewa ta tona asirin gidansu, ƙafarsa da ƙofarta har abada. Ta ce a gaya masa ta ji. Kwana biyu ta yi tana zagayen, kuma a kwana biyun nan tiren ƙulinta ya dawo gida kamar yadda ya fita.

Gidan Mariyama ta bari na ƙarshe, da gangan. Mariyama na da ɗa, Badaru, sa'an Mudassir. Bara ya tafi Aljeriya tare da ƙanensa, aka kamo su aka zubar a bakin iyaka, aka ce su taka. Ƙanen bai kai ba. Badaru ne ya tona rairayi da hannu ya rufe shi, ya dawo gida shi kaɗai. Tun bazara yake ɗaki. Uwarsa na cewa ciwon shawara ne ke damunsa.

Labari ya riga Mubaraka isa. Mariyama ta tare ta a tsakar gida, ta karɓe ƙunshin ba ko sannu.

"Na ji abin da kike bi kina hwaɗi. Ajiye shi nan waje. Naki ya tahi, Allah shi jiƙanshi, ki bar min nawa."

"Don a bar miki shi niz zaka."

"Ɗana shawara gare shi. Kar ki sa mishi baki."

Mubaraka ta wuce ta. Ta je ƙofar ɗakin da aka saki labule da rana tsaka, ta tsuguna, ba ta shiga ba. Kalmar da za ta faɗa ita ce wadda ta fi tsoro a duniya.

"Badaru, ni ta, yayar Mudassir. Abu guda za ni tambayarka. Ko mi kac ce ba ni yi maka hwaɗa, ba ni ce maka saɓo na. Kana jin gara ka mutu?"

Mariyama ta yi a'uziyya ta taho za ta janye ta. Mubaraka ta riƙe dokin ƙofar. Ɗakin ya yi shiru, shirun ya yi tsawo har uwar ta buɗe baki za ta ce kin gani. Sai murya ta fito daga ciki, a dushe, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Kullum, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun ran da nib baro shi can."

Mariyama ta saki hannun Mubaraka. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ƙunshin daddawar a cinyarta, tana kallon labulen kamar yau ta fara ganinsa. Kullum ita ke ɗaga shi ta ajiye fura ta fito. Da ta yi magana, da ƙyar aka ji ta.

"Motar Ƙonni ta wuce?"

"Ta wuce, sai gobe," in ji Mubaraka, tana tuɓe takalmanta. "Kawo min tabarma. Yau nan za ni kwana."